Kunnena Ne Ya Tafi, Ba Hankalina Ba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da duk wanda ke ci daga tukunyarki. Allah ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan, ya sa kaffara ce. An ce mini likita ya hana ki hawa bene, na ce lallai likitan nan bai san ki ba, tun kina ƙarama ban taɓa ganin an hana ki abu kin hanu ba. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. An gyara rufin ɗakina da ke yoyo, yanzu ko ruwa ya wuni yana zuba ba na tashi neman roba. Jikokinki sun koma makaranta, ƙaramar ta yi famfara, tana yawo da giɓi a gaba tana nuna wa duk wanda ya shigo. Ni ma jiki da sauƙi, ina ci ina sha, ƙafa kuma da sauran ƙarfinta in da za a bar ta ta taka.

Da hannuna nake rubuta miki wannan, ban sa kowa ba, ki dubi rubutun da kyau ki gani ko ya karkace. Na san Akawu ya kira ki. Ɗana ne na fari, ke kuma a bayanki ya girma, don haka ba zan ce ƙararsa na kawo ba, ba zan kuma ce ban kawo ba. Ranar da ya kira ki a tsakar gida ya tsaya, ni ina kan kujerata a baranda, rana tana kan fuskarsa. Ya saba yin magana a gabana kamar babu kowa a wurin, ya manta idona yana nan garau. Na ga bakinsa ya ce Gwaggo, na ga ya ce Baba ya fara ruɗewa, na ga ya ce ba zai ƙara bari in fita ni kaɗai ba. Daga nan ya juya baya, sauran maganar ta wuce ni. Washegari na sa hula na nufi ƙofa, maigadi ya tare ni yana sosa kai yana ba ni haƙuri. Da na matsa wa Akawu, sai ya rubuta mini a waya cewa na ɗan lokaci ne, sai abin da kika ce, tunda bayan ni ke ce babba. Ke nan ƙofar gidan nan a hannunki take, Auta, shi ya sa nake so ki ji ta bakina kafin ki yanke.

Kin san inda kunnen nan ya tafi. Masaƙa ce ta cinye shi kaɗan-kaɗan, tun ina saurayi har na yi furfura a tsakanin injuna. Abin da ba ki sani ba shi ne, a zauren saƙa ba mai ji da kunne, ko da nasa lafiya lau yake. In aka tada injunan nan gaba ɗaya, ko ihu ka yi wa na kusa da kai ba zai ji ba. Sai muka koyi ji da ido. Ka ɗaga hannu mutum ya dube ka, ka yi magana ba murya, ya karanta a leɓenka daga can ƙarshen layi. Abin da leɓe bai ɗauka ba, hannu ya ƙarasa. Zare ya tsinke, da alamarsa. Shugaba na tafe, ka shafa tumbi ka ɗaga haɓa. An yi wa wane haihuwa, matar wane ta yi yaji, duk a haka muke ji, har gulma muna yi ba wanda ya buɗe murya. Saboda haka lokacin da kunne ya fara yi mini sallama ban razana ba. Marigayiya matar yayanki kuma ta gane abin ba tare da an koya mata ba. In za ta yi magana sai ta taɓa kafaɗata, ta zauna inda haske ke kan fuskarta, ta yi maganarta yadda ta saba, ba ihu ba jan baki. Ko faɗa za ta yi mini, sai ta fara zuge labule tukuna. Tun da Allah ya karɓi abarsa ban ƙara samun mai yi mini haka a gidan nan ba.

Ba wai ba sa ƙaunata ba ne, kowa dai da irin tasa dabarar. Akawu ihu yake yi, ya zo ta gefe ya kafa baki a kunnena, ni kuwa ba abin da nake samu sai iska mai ɗumi. In ya tsaya a gaba ma ƙasa yake kallo, don haka na rene shi, ba ya haɗa ido da babba. Ya sayo mini na'urar ji, Allah ya saka masa da alheri, na sa ta da zuciya ɗaya. Ta kawo mini ƙarar cokali a kwano, da ta famfo, da janaretan maƙwabta, da wani fito mai shiga har tsakar kai, amma maganar mutum a dunƙule take zuwa kamar daga cikin rijiya. Likitan da ya gwada ni ya gaya masa cewa irin nawa ba lallai ta yi amfani ba, duk da haka in ya gan ta a kan tebur sai ransa ya ɓaci, wai taurin kai ne. Yara kuma sun gaji da maimaitawa. In aka yi dariya a falo na tambayi abin da aka ce, sai a ce ba komai, ko a ce za a gaya mini an jima, kuma har yau ina jira. Sai na koyi abin da duk mai irin larurata ya iya, in gyaɗa kai, in yi murmushi, in ce madalla. Yawancin abin da ake gaya wa tsoho, madalla ta ishe shi amsa.

Sai matar Akawu, wadda har yau muke kira Amarya ko da yake ta cika gida da 'ya'ya. Kin san ta, yarinya ce mai tarbiyya, ban taɓa neman ruwa sau biyu a hannunta ba. Amma tun da ta shigo gidan nan ba ta taɓa yi mini magana kanta a ɗage ba. Ta durƙusa daga nesa, ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ya rufe rabin fuska, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Lokacin da kunne ke aiki wannan abin alfahari ne, ni da kaina na sha yabonta a gaban mutane. Yanzu kuwa saman mayafi kawai nake gani yana motsi. To, a watan da ya wuce, wata safiya ina baranda ina shan shayi, ta fito da jaka a hannu, ta durƙusa, ta yi magana mai ɗan tsawo. Na ga jaka, na ɗauka unguwa za ta, sai na washe baki na ce madalla, madalla, Allah ya yi albarka, na ce ta gaida mutanen gida, ta ce wa mahaifiyarta ina nan ina jiran ziyarar da ta yi mini alkawari. Ta miƙe da sauri ta fita. Auta, mahaifiyar tata ce ta rasu da safiyar, abin da ta durƙusa tana gaya mini ke nan.

Gidan ya watse, kowa ya tafi yana zaton na sani na ƙi zuwa, ko kuma abin bai shiga kaina ba. Na wuni ni kaɗai ina mamakin inda mutane suka shiga. Aka yi wa baiwar Allah salla, aka kai ta makwancinta, ban sani ba. Da yamma Akawu ya dawo da ƙasa a gwiwar wando, ya tsaya a gabana, ya dube ni ido cikin ido, abin da rabonsa da yi tun yana yaro. Fushi ne ya cire masa kunya. Kuma ki ga ikon Allah, ranar ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba. Ya ce yaya za a gaya mini mutuwa in yi dariya, ya ce matarsa kuka ta yi a mota har suka isa, ya ce ya rasa abin da zai gaya wa surukansa da suka tambayi inda nake. Na buɗe baki zan yi bayani, sai ya sunkuyar da kai ya ba ni haƙuri ya fita. Wallahi na so in kira shi ya dawo ya ci gaba da faɗan, don na daɗe ban samu magana mai tsawo haka ba. Washegari na je gaisuwa, na tarar labari ya riga ni. Ana riƙe mini hannu, ana zaunar da ni a hankali, ana yi mini kallon da ake yi wa wanda ya fara mantuwa. Ban taɓa jin kunya da kaɗaici irin na ranar ba.

Abu na biyu da Akawu ya kafa hujja da shi shi ne wurin zamana. Wani maƙwabci ya gaya masa ya gan ni a bakin titi cikin bebaye, ina wurga hannu, ina motsa baki ba murya, ina dariya har da hawaye. Bai yi ƙarya ba, ya gan ni. Bari in gaya miki wurin. Bayan tashar mota akwai wani mai gyaran takalmi da ke da benci a ƙarƙashin rumfar kwano. Kurma ne tun haihuwa. Dogo ne ya fara kai ni, abokina na masaƙa, wanda ya taɓa cewa zai aure ki kika jefe shi da takalmi. Kullum bayan la'asar mukan haɗu a nan, kuma kada ki ɗauka duk kurame ɗaya ne. Mai takalmi hannu kawai yake so. In ka miƙa masa takarda sai ya ture ta, ya nuna maka yana da harshensa, ka koya. Kuma harshe ne cikakke, Auta, ba irin 'yan alamominmu na masaƙa ba. Da shi yake ba da labari, da shi yake zolaya, da shi yake rantsuwa. Ni a wurinsa ɗan koyo ne, dariyar hannuna yake yi yadda ake yi wa baƙon da ke koyon yare. Akwai wata mai shagon ɗinki a gefe, zazzaɓi ya tafi da jinta bayan ta girma, ita rubutu take so, yatsanta a kan waya ya fi bakin wasu sauri. Akwai wani tsohon direba da na'ura ta karɓe shi, ba ya rabuwa da ita, ranar da batir ya ƙare masa kuwa ba mai ganin haƙorinsa. Ni da Dogo leɓe ne namu, da ɗan hannu. Mukan yi gardama a kan wanne ya fi, ba mu taɓa shiryawa ba. Amma akwai ƙa'idar da ba a karyawa a bencin nan. Ba mai fara magana sai ya tabbata ana kallonsa, in kuma baƙo ya zo, abin da ake fara tambayarsa shi ne ta yaya yake so a yi masa magana. A gidana ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba.

Da Amarya ta dawo daga zaman makoki, na same ta a ƙofar kicin. Na yi mata ta'aziyya yadda ya kamata, na rantse mata ban ji ba, na ce ba mutuwa na yi wa dariya ba, mayafinta kawai na gani. Na roƙe ta cewa in za ta yi mini magana ta ɗago kai in ga bakinta, na ce na yafe mata kunyar, ba rashin ladabi ba ne tunda ni na nema. Baiwar Allah ta yi ƙoƙari. Na ga kan yana tasowa a hankali, ya kai daidai maɓallin rigata, ya tsaya. Sai ta kai gefen mayafi ta toshe baki, hawaye suka zubo. Har yau ban san ko ta yafe mini ba, domin abin da ta faɗa a bayan mayafin ta faɗe shi. Tun ranar ta koma rubuta mini a 'yar takarda tana ajiyewa kusa da kwanon abinci, an kawo magani, baƙi za su zo, ruwan wanka ya yi zafi. Na gode mata, ya fi babu, sai dai ba a hira da irin wannan takarda. Ban ga laifinta ba. Tun tana ƙarama aka gaya mata haka ake girmama suruki, ba ni ne zan kwance mata shi a ƙofar kicin ba. Wannan aikin babbar mace ne irinki, wadda za ta zaunar da ita ta lallashe ta.

Yanzu ga ni a gida. Gari ya waye, in zauna a baranda in ga bakuna suna motsi ta gefe, kowa yana harkarsa. La'asar ce ta fi yi mini nauyi, domin jikina ya san lokacin. Ranar nan Dogo ya jawo ƙafarsa mai ciwo har ƙofar gida. Maigadi ya yi masa dogon bayani, shi kuwa maigadin namu gashin baki ya rufe masa leɓe, Dogo bai tsinci komai ba. Ina ɗaki na hango shi ta taga, yana leƙe ta tsakanin ƙarafan ƙofa. Zan iya fita in same shi, amma ban so ya ga ana tsare ni kamar ɗan yaye ba. Na kaɗa labule har ya ɗago. Ya tambaye ni da hannu ko ciwo ne, na ce a'a. Ya tambaya to mene ne. Na rasa yadda zan ce masa ɗana yana zaton kaina ya taɓu, sai na yi masa wata tsohuwar alamarmu, wadda muke yi in an kashe wa mutum inji daga ofis alhali ba abin da ya lalace. Ya gane. Sannan ya ce mai takalmi ba ya barin kowa ya zauna a wurin zamana a benci, ya juya ya tafi yana ɗingishi. Rabona da hira ta gaskiya ke nan. Na lura ko muryar tawa yanzu sai a salla nake amfani da ita.

Ba na cewa Akawu mugu ne. Tsoro yake ji, kar mota ta kaɗe ni, kar a ce ya bar ubansa yana yawo ba a hayyacinsa ba. In titi ne damuwarsa, na daɗe ina tsallaka shi da ido, na fi masu kunne duba hagu da dama. In kuma gwada ni yake so a yi, a kai ni wurin likita, ya zauna a gabana inda haske yake, ya tambaye ni abin da ya ga dama. Ki gaya masa kunnena ne ya tafi, ba hankalina ba. In ya ci gaba da kulle ni a nan kuwa, abin da yake tsoro shi zai jawo da hannunsa, domin na fara kama kaina ina zaune ban san tun yaushe nake kallon bango ba. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Saura ke. Saƙonnin murya da kike turo mini suna nan cike da waya, ban goge ko ɗaya ba, ban kuma ji ko ɗaya ba. Nakan danna in ga ɗan layin nan yana tafiya har ya kai ƙarshe, in san dai ƙanwata ta yi mini magana mai tsawon haka. Ban gaya miki ba ne don kar ki daina turowa. Amma wannan karon, don Allah, kada ki yanke maganata ke da Akawu a waya. Ki sa a kira ni ta bidiyo, da rana, ki zauna kina fuskantar taga, ki cire hannu daga haɓa, ki rage saurin bakin nan naki da Inna ta yi fama da shi har ta gaji. Ki tambaye ni duk abin da kike so, na jiya da na shekaran jiya da na ƙuruciyarmu. In kin gama kika ga ɗanki Akawu ne ke da gaskiya, zan zauna, ba zan ƙara taɓa ƙofar nan ba. Abin da nake roƙo kawai shi ne ki faɗa mini da bakinki ina kallo.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki ce ina yi masa sannu da haƙuri da ke. Ki gaida 'yarki Malama da mijinta da jaririnsu, Allah ya raya shi. Ki gaida Soja in ya zo hutu, da 'yan biyu, da takwarana mai ƙiriniya, ki ce kakansa yana nan yana jiran su yi kokawar da ya ɗauki alkawari. Ki gaida maƙwabciyarki mai kula da ke in ƙafar ta tashi, Allah ya biya ta. Jikokinki na nan suna gaishe ki, na tabbata Amarya ma haka. Allah ya jiƙan Inna da Baba da duk namu da suka riga mu, ya ba ki lafiya, ya sada fuskokinmu da alheri.

Ni ne naki har kullum,
Yayanki.